Takarda Mai Hatimi Ta Tafi Bukuru

Silver Spring, Amurka
6 ga Yuli, 1986

Zuwa ga matata Ngo Lami, a Bukuru,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ba mu san irinsa a Filato ba. Mutum na zaune gumi na zuba kamar yana haƙar kuza.

Lami, na ga jikarmu. Na ɗauki Kaneng da hannuna! Hoton da 'yarmu Selina ta aiko bai faɗi rabin gaskiya ba. Goshinki ne a fuskarta, tafiyar kuwa tawa ce. Ranar da na sauka ta ɓuya bayan uwarta, amma kwana uku ba su cika ba ta kama gemuna tana ja. Na ce, "Amarya, tun ba a ɗaura ba kin fara duka?" Surukinmu Davou ya yi ta danne dariya har ya fice daga ɗakin don kunya.

Watanta ashirin, har yanzu tana shan nono, aikin asibiti kuma ya ramar da Selina. Na ce lokacin yaye ya yi. Da a gida ne wurinki za a kawo ta, ta yi kwanaki ba ta ga uwarta ba har ta manta. Nan kuwa ɗaki biyu ne a hawa na shida, ina za a ɓoye uwa? Sai na ce tunda kaka ne ya zo, uwar ce za ta tafi. Dama tun aurensu ba su taɓa hutawa ba, shi karatu, ita aiki. Wata abokiyar aikinta, Olive, tana auren mutumin wata ƙaramar ƙasa a Turai, Fotugal, surukarta na da gida a bakin teku. Can za su yi mako uku daga ranar Asabar. Maƙwabciyarmu Hajiya Sailuba, mutuniyar Kumasi, za ta taimake ni da wanka da girki. Hausarta daban ce, amma muna jin juna.

Ga babban abin da na sa miki a ambulan ɗin nan. Shekaranjiya ina gyara teburi na ga takardar haihuwar Kaneng, tare da hoton asibiti da zanen tafin ƙafarta. Da Turanci take, ban iya fassarawa ba, amma ga DAVOU da manyan baƙaƙe, ga hatimi mai tudu da ake ji da yatsa. Ni da ke ba wanda ya san ranar da aka haife shi. Jikarmu kuwa ga ta a rubuce! Ki kai wa Fasto ya nuna a coci, a sa sunanta a littafi kusa da na uwarta. Ban gaya musu ba, so nake sai shaidar coci ta zo su sha mamaki.

Kafin in rufe na kwafe ta duka a littafina. Kin san Malam Kambai, mai koya mana karatu, bai yarda ɗan ajin yamma ya aika takarda ba tare da ya bar kwafi ba, ni kuma ban daina ba. Yini biyu na yi a kanta.

Mijinki,
Choji Pam

*

Nazare, Fotugal
17 ga Yuli, 1986

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Kaneng? Tana cin abinci? Tana kuka? Ka gaya mini gaskiya, Baba, kada ka ce "lafiya ƙalau" kawai yadda ka saba. Ka rubuto ta adireshin da ke bayan ambulan, gidan surukar Olive ne, nan muke dawowa duk inda muka je. Babu waya a gidan, sai an je gidan waya an jira layi.

Mun sauka lafiya. Kwana biyu muka yi a Lisbon, babban birninsu. Duk tudu ne da gangare kamar Jos, wasu ƙananan jiragen ƙasa masu ruwan ɗorawa suna hawa lungu suna ƙara. Daga nan muka je Obidos, wani tsohon gari cikin ganuwa. Mun hau kan ganuwar mun zagaya, babu abin dafawa, na riƙe rigar Davou ina addu'a shi kuma yana ɗaukar hoto.

Sunan garin nan zai yi maka daɗi, Nazare, kamar Nazarat ta cikin Littafi. Garin masunta ne. Mata na shanya kifi a kan raga a bakin teku, irin yadda ake shanya kuɓewa. Tsohuwar gidanmu baƙaƙen kaya take sawa kullum, tekun nan ne ya ci mijinta. Ba ta jin Turanci, ba ma jin yarensu, amma da ta ga gaban rigata ya jiƙe ta gane. Ta kawo ganyen kabeji mai sanyi ta ce in sa a ƙirji. Na yi kuka a gabanta kamar yarinya.

Wurin yana da kyau, Baba, amma rabin zuciyata na hawa na shida. Duk yarinyar da na gani a kan rairayi sai in tsaya. Davou ya ce in na sake cewa "yanzu Kaneng ta tashi daga barci" zai jefa agogona a teku.

Mako mai zuwa za mu Coimbra ya ga tsohuwar jami'arsu, mu wuce Porto mu tabbatar da tikitin dawowa. Ranar 2 ga Agusta muna gida da yardar Allah. Kada ka ba ta alewar Hajiya da yawa.

'Yarka,
Selina

*

Silver Spring
24 ga Yuli, 1986

Selina 'yata,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta 17 ta zo yau, na karanta ta sau uku, na karanta wa Kaneng sau ɗaya.

Tunda kin ce gaskiya, ga ta. Kwana huɗu ta yi tana kuka. Tana zuwa ƙofar ɗakinku ta buga ta ce Mama. Rana ta biyu ta ɗaga mini riga tana nema, na ce, "Amarya, nan ba kasuwa." Rana ta biyar na dama mata kunun accar da na zo da ita daga gida, ta sha kofi guda ta miƙo a ƙara. Yanzu kunu safe da yamma. Ta yi kumatu.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Ranar Talata Hajiya ta shigo da sauri, ta ce kin bugo mata waya, layin ba kyau, wai wata takardar Davou ta ɓace kuma kina kuka. Mun juye gidan nan. Ta ce, "Baaba, ka tuna da kyau, ba ka ga takardar Davou ba ko ɗaya?" Na ce ni ban taɓa kayan surukina ba tunda na zo, kuma gaskiya na faɗa. Ku duba cikin akwatinku da kyau, wani lokaci takarda na shiga tsakanin riguna.

Wace irin takarda ce da za ta sa ki kuka a ƙasar mutane? Ki rubuto ki fahimtar da ni. Tun ranar ban ci abincin kirki ba.

Babanki,
Choji

*

Porto
22 ga Yuli, 1986

Baba,

Ina fata kuna lafiya. Yi haƙuri da rubutuna, a benci nake a gaban gidan waya. Wayar gida ba a ɗauka ba. Minti uku na samu da Hajiya, rabi duk ƙara ce.

Yau mun je ofishin jirgi. Matar ta duba fasfona ta ce ba matsala, ni ina da katin zama. Da ta zo kan na Davou ta ce ina takardar makarantarsa. Baba, ɗalibi in ya fita Amurka ba ya komawa sai da wata takarda da jami'a ke ba shi, mai sa hannun jami'in ɗaliban waje. Ya karɓo ta tun watan Yuni. Ya rantse ya sa ta a babban ambulan mai ruwan ƙasa da ke kan teburi, ya ɗauko ambulan ɗin bai buɗe ba. Mun zazzage shi a gaban matar: hoton Kaneng na asibiti, zanen ƙafarta, shi ke nan.

Sun ce ba za su ɗauke shi ba. Mun tambaya a ofishin jakadancin Amurka, aka ce in babu takardar ya koma Legas ya sake neman biza daga farko. Ka san layin Legas, ka san mutum nawa ake hanawa. Rajistar makaranta 25 ga Agusta ce, shekararsa ta ƙarshe. Mun bugo jami'a sau biyu, ana ta miƙa mu daga wannan zuwa wancan har layin ya yanke.

Ni dole in koma aiki ranar 4. In ba a same ta ba zan taho ni kaɗai, in bar shi a Nazare. A Coimbra jiya yana ta murna da ɗalibai masu baƙar alkyabba, yau ko kogin da ke gabanmu bai kalla ba. Abin da ya ce kawai, "Yaushe zan sake ganin Kaneng?"

Don Allah ka sake dubawa. Fara ce, doguwa, cike da layuka da ƙananan rubutu. Sunan DAVOU na sama da manyan baƙaƙe, da shekarar 1954. Akwai hatimi mai tudu a ƙasa ta dama, ana jin sa da yatsa.

Selina

*

Silver Spring
31 ga Yuli, 1986

Zuwa ga surukina Davou,

Ina gaishe ka. Ban taɓa rubuta maka wasiƙa ba, kuma ba haka na so ta farko ta zama ba. Kafin wannan ta iso Selina ta taso, shi ya sa kai nake rubuta wa.

Ni na ɗauki takardarka. Jiya wasiƙar Selina ta 22 ta zo. Da na kai inda ta ce hatimi mai tudu, na ajiye wasiƙar. Na buɗe littafina, ga ta nan da rubutun hannuna. Na ɗauka takardar haihuwar Kaneng ce, na aika wa Lami Bukuru a nuna a coci. Na ga 1954 ɗin, na ce shekarar uba ce suka sa, yadda ake yi a littafin coci. Ban tambayi kowa ba. Murna ce ta rufe mini ido, da son a ce tsohon nan ya iya karatu.

Na nuna wa Hajiya. Ta dafa kai ta ce, "Wayyo Baaba, ka kashe mu!" Sai ta ƙara duba littafin ta ce, "Tsaya. Har adireshin ofishin ka kwafa, da sunan matar da ta sa hannu." Yau tana da aiki gidan tsohuwar da take kula da ita, ba halin fashi. Ta rubuta mini layi uku da Turanci, da lambar wayar wurin aikinta, da sunan tashar da zan sauka.

Da safe na goya Kaneng da zanen uwarta. Na san namiji ba ya goyo, amma hannu biyu nake bukata. Na shiga jirgin ƙasan cikin gari, Metro, ni kaɗai. Duk tashar da muka tsaya ina gwada baƙaƙen allo da na takardata ɗaya bayan ɗaya, ina sauri kada ƙofa ta rufe kafin in gama. Allah ya sa na sauka daidai.

A ofishin na nuna sunan matar, aka kai ni. Baƙar fata ce mai furfura da tabarau. Ta karanta layukan Hajiya ta girgiza kai, ta yi magana mai tsawo. "No" kaɗai na gane. Ta miƙo mini takardar Hajiya, ta dubi wanda ke bayana a layi. Ban tashi ba. Na buɗe littafin na ajiye a gabanta.

Ta fara bin rubutun da yatsa. Na kwafe layukan duka, da ƙananan rubutun ƙasa, na zana hatimin da fensir. Da ta kai ƙarshe ta cire tabarau. Ashe har sa hannunta na zana, da lanƙwasarsa da ɗigonsa, ni ban san sa hannu ba ne. Ta nuna kanta, ta nuna littafin, ta kira wasu mata biyu suka zo suka duba. Na ɗauka 'yan sanda za a kira. Sai ta yi dariya har da hawaye, ta buga wa Hajiya waya, suka daɗe suna magana. Bayan nan ta jawo keken rubutu.

Ga sabuwar takardar tare da wannan wasiƙa. Matar da kanta za ta aika ta saƙon gaggawa, ta ce kwana huɗu ko biyar. A kan teburinta nake rubutu, Kaneng na cin biskit ɗinta.

Davou, na girme ka, kuma 'yata kake aure, amma ina roƙonka gafara. In wannan ba ta yi aiki ba, ni na raba ka da 'yarka, ban san da wane ido zan dube ka ba.

Surukinka,
Choji Pam

*

Silver Spring
6 ga Agusta, 1986

Lami,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya. Takardar da na aiko miki ba ta Kaneng ba ce, ta komawar Davou Amurka ce, saboda ita ya maƙale a Fotugal. An yi sabuwa an aika masa, amma yau kwana shida babu labari.

Selina ta dawo ranar Asabar ita kaɗai. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. "Baba, ga abinci." "Baba, sai na dawo." Shi ke nan. In waya ta yi ƙara ta kan ruga, in ba shi ba ne ta ajiye a hankali. Ta ce gidan tsohuwar a lungu yake can saman gari, ba lamba a ƙofa, wataƙila masu kai saƙo ba su gane shi ba. Kaneng na ɗaukar takalmin ubanta tana kai wa bakin ƙofa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaya wa matan zumunta. Ba sai kin faɗi dalili ba. Ko kuwa ki faɗa, na cancanta.

Choji

*

Bukuru
28 ga Yuli, 1986

Baban Selina,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Gwiwa da sauƙi. Malamar makarantar Lahadi ce ke rubuta mini.

Na kai wa Fasto takardar a gaban mutane, na sa sabon zane. Ya duba ya ce, "Ngo, wannan jaririn shekararsa talatin da biyu, kuma yana karatun injiniya." Coci ta yi ta dariya, ban san inda zan sa kaina ba. Ya ce takarda ce mai muhimmanci, a mayar da sauri. Ga ta nan.

Shekara uku kana zuwa ajin yamma ina ajiye maka tuwo yana hucewa. Ka riƙa tambaya, Choji. Ka sumbaci goshin nan da ka ce nawa ne.

Matarka,
Lami

*

Silver Spring
13 ga Agusta, 1986

Matata Lami,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Davou ya dawo! Jiya da rana ya sauka. Wasiƙarki da tsohuwar takardar kuma yau suka iso, kin ga sun makara da kwana ɗaya. Faɗanki na karɓa, ban da abin cewa.

Ashe saƙon ya kwana huɗu a gidan wayar Nazare, an rasa gidan. Tsohuwar mai baƙaƙen kaya ce ta je ta tsaya musu, tana nuna fatar hannunta tana nuna gawayi, har suka gane baƙon da take nufi. Davou ya ce kafin nan kullum yana zaune a bakin teku tare da masu gyaran raga, har ya koyi ɗinkin.

Da ya shigo Kaneng ta tsaya tana kallonsa, sai ta ruga ta kawo masa takalminsa. Selina ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ni na shige ɗaki, na kasa fitowa. Shi ya biyo ni. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, na ce ya tashi, ni ya kamata in durƙusa. Ya ce, "Baba, na karanta wasiƙarka a bakin teku. Da gaske ka goya ta a Metro?" Na ce da gaske. Ya ce, "Da zanen Selina mai kifi?" Na ce shi. Wannan karon bai fita don kunya ba, a gabana ya yi dariyar.

Ya kawo mini tsaraba, littafin rubutu mai baƙin bango, mai kauri kamar Littafi Mai Tsarki. Ya ce daga yau duk takardar da za ta fita gidan nan sai na kwafe ta tukuna. Selina ta ce, "Amma a gabana, Baba."

Yaye kuwa ya kamu. Selina ta gwada ta, ta ɗauke ta a ƙirji, yarinya ta ture ta ta nuna kofin kunu.

Yau da safe Selina ta fito da takardar haihuwar ta gaskiya. Ƙarama ce, ba ta kai waccan kyau ba. Ta karanta mini layi layi ta fassara, na kwafa tana zaune tana kallo. Ga kwafin nan da hannuna, shi za ki kai wa Fasto, ki sake sa sabon zanen. An haifi Kaneng Davou ranar 3 ga Nuwamba, 1984, na tambaya sau biyu.

Ainihin takardar Selina ta mayar da ita wani wuri ta kulle. Ban san wurin ba, kuma wannan kam ban tambaya ba.

Mijinki,
Choji Pam